Fulogin da ya yi tsalle a hanyar Shuwarin

Wanda ya baro Kano ya nufi gabas, da zarar ya haye gadar Wudil ya wuce Gaya, zai ga ƙasa ta buɗe. Gonaki ne shimfiɗe iya ganinka, kuka nan, tsamiya can, ga giginya jefi-jefi. A farkon hunturu an gama da gero, an karya dawa, ana ta kiciniyar riɗi da zoɓo, waɗanda su ne kuɗin manomin Jigawa. Titin da ake bi shi ne babban titin Kano zuwa Maiduguri, kuma akasarin motocin hayar da ke kai da kawowa a kansa tsofaffi ne: Sharon, da ƙananan bas, da uwa-uba Golf 3. Ita wannan Golf a 1991 aka fara ƙera ta a Jamus, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano, ranar 27 ga Agusta, ta mai da Dutse babban birni. Motar da jihar sa'annin juna ne ke nan. Turawa sun daɗe da sallamarta, amma a nan ita ce ke kai amarya, ita ce ke kai mara lafiya asibiti, ita ce ke ɗaukar buhunan riɗi har but ya ƙi rufuwa a ɗaure shi da igiya.

A cikin irinta nake, muna gab da Shuwarin, sai muka ji ƙara daga gaban mota, tau! Wata dattijuwa a baya ta ɗauki salati. Kowa ya zaci taya ce ta fashe, amma sitiyari bai karkace ba. Abin da ya biyo baya wani irin fat-fat-fat ne mai ƙarfi daga ƙarƙashin bonet, mota ta rasa ƙarfi tana karkarwa, warin fetur ya cika mu. Direba ya gangara gefen titi ya kashe.

Da ya ɗaga bonet ba sai an yi dogon bincike ba. Ga fulogi guda yana reto a bakin wayarsa, ya fito ɗungurungum daga raminsa. Direba ya naɗe hannu da tsumma ya ciro shi, ya ɗaga shi a rana. A jikin tiredinsa akwai wani siririn abu fari mai ƙyalli da ya nannaɗe tsakanin haƙori da haƙori. Naman kan inji ne, alminiyam, fulogin ya yago shi ya fito da shi.

"Ɗan nan, lafiya dai ko?" in ji dattijuwar ta taga.

"Lafiya lau, Iya. Fulogi ne ya yi tsalle. In Allah ya yarda za mu ƙarasa Dutse a hankali."

Kafin ya tayar sai ya zare wayar fulogin tun daga tushenta ya jefa ta a aljihun ƙofa. Na ji daɗin ganin haka, domin ramin da ya rage a buɗe hucin fetur yake fesowa, in kuwa aka bar waya tana tartsatsi kusa da shi, gobara ba ta da nisa. Da silinda uku muka lallaɓa, muka bar babban titi a Shuwarin muka karya zuwa Dutse, duk wanda muka wuce sai ya waiwayo.

Tun daga nesa duwatsun garin suke tarar baƙo, manya-manyan curarru wani kan wani, wasu a ɗofane har ka ce iska za ta ture su. Fasinja suka sauka a tasha kowa ya kama gabansa. Ni kuwa mun riga mun yi magana da direban zai kai ni Jahun washegari, don haka lafiyar motar ta zama abin da ya dame ni, na bi shi gareji.

Garejin fili ne a ƙarƙashin darbejiya, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da mai, ga gawarwakin motoci a jere ta baya. Maigidan wurin dattijo ne mai furfura a gemu. Tun kafin mu tsaya ya miƙe daga benci, don ƙarar ta riga ta gaya masa abin da ya kawo mu.

"Sannu da aiki, Oga."

"Yauwa, sannu direba. Ta nawa ce ta tofar?"

"Ta uku."

Ya kara bayan hannunsa kusa da inji, ya janye. "Sai ta huce."

"Oga, a taimaka mini, yau ko kuɗin mai ban haɗa ba."

"Sauri ya haifi nawa. Je ka yi sallah, ka ci abinci, ka dawo."

Wannan jira da ya ɗora mana shi ne kashi na farko na gyaran, kuma rashinsa ne yake jawo matsalar tun asali. Kan injin mota, wanda makanikai ke ce wa tof-silinda, a yawancin ƙananan motoci da alminiyam ake zuba shi, saboda ba shi da nauyi kuma yana saurin fitar da zafi. Haka yake a Golf, haka yake a Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Jikin fulogi kuwa ƙarfe ne. Idan zafi ya kama su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, ya kuma ƙara laushi. Wanda ya sa sifana ya murɗe fulogi a wannan hali, ko wajen kwancewa ko wajen ɗaurewa, ƙarfe yake gogawa a kan abin da ba zai iya kare kansa ba.

Na yi amfani da jiran na taka cikin gari. Dutse Gadawur gari biyu ne a haɗe. Akwai Garu, tsohon gari a tsakanin duwatsu, inda fadar Sarkin Dutse take, lungunansa ƙanana suna hawa suna sauka yadda dutse ya yarda. Akwai kuma sabuwar Dutse ta ma'aikata, mai faffaɗan tituna da fitilu da sakatariya, wadda ta bazu ta Takur da Fagoji da Yalwawa har Danmasara, ta kuma ƙara cika da ɗalibai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Abin da ya haɗa su biyun shi ne dabino. Duk inda ka ɗaga kai za ka ga kansa a tsakanin duwatsu, kuma cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, tana da reshe a nan wanda aikinsa binciken dabino ne. Na sayi busasshe a leda wajen wani mai tire, na koma gareji ina ci.

Na tarar dattijon ya fito da wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga cikin shago, ya ajiye a kan tsumma mai tsabta. Kafin ya buɗe sai da ya haska ramin da tocilan ɗin waya, ya kira mu mu leƙa. Bangon ramin ya yi sumul, haƙora biyu ko uku ne kawai suka rage can ƙasa. Ya ce da a ce bakin ramin ne kaɗai ya karkace, da sai ya bi shi da ƙarfen gyaran tiredi ya miƙar da shi, a wuce wurin. Wannan kuwa ya riga ya cinye, sai an yanka sabon tiredi mai faɗi an dasa bushin a ciki, fulogi ya koma ya kama jikin bushin.

Lissafin abin yana da ban mamaki. Fulogin irin wannan mota kaurinsa milimita 14 ne, tsawon tiredinsa milimita 19, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.25. Haƙora kimanin 15 ke nan. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowace silinda tana kunna wuta sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa guda, kuma kowane kunnawa ƙarfin iskar da ke cikin silinda yakan ninka na cikin tayar mota sau ashirin ko fiye. Duk wannan bugu a kan waɗannan 'yan haƙora yake sauka. In sun ragu, ko sun yi sako-sako, fulogi zai riƙa girgiza yana cin su kaɗan-kaɗan har ranar da zai fice. Ba kuma a garejinmu kaɗai abin yake faruwa ba. A Amurka, wasu injinan Ford masu silinda takwas, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, sun yi ƙaurin suna wajen tofar da fulogi, saboda haƙoran da aka yanka a raminsu ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Hanya biyu ce a gaban direban. Ko a sauke kan injin gaba ɗaya a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, wanda shi ya fi tsabta don ba abin da zai faɗa cikin silinda, amma sai an sayi sabon gaskit, an zubar da ruwa, an sake saita lokacin inji, mota ta kwana ko ta yi kwanaki. Ko kuma a yi aikin a jikin mota, in an samu hannun da ya iya. Direba ya dubi dattijon, dattijon ya ce zai yi a jiki.

Ya sa babban yaronsa ya ɗora sifana a kan notin kuranshaf yana juya inji da hannu, shi kuma ya toshe ramin da babban yatsa. Da ya ji iska tana turo yatsan, ya san bawul biyun sun rufe, fistan na tahowa sama. Ya ce a ci gaba a hankali har fistan ya kai ƙarshe ya fara komawa, sannan ya zura siririn kara ya auna zurfin, ya ce a tsaya. A wannan matsayi bawul a rufe suke, fistan ya yi ƙasa, ƙarfen yanka ba zai taɓa ko ɗaya ba. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya gyara tiredi ya lanƙwasa bawul.

Ƙarfen yankan, taf, bakinsa siriri ne daidai tsohon tiredi, sai ya yi kauri daga baya. Siririn bakin shi ne jagora, yana kama ragowar tsofaffin haƙora don kada a shiga a karkace, mai kaurin kuma yana biye yana yanka sababbi. Dattijon ya cika kwaroron jikinsa da giris taf, ya dasa shi a bakin rami, ya fara murɗawa da yatsu. Sai da ya duba ta gaba ya duba ta gefe, ya tabbata ya tsaya daidai da kwanciyar sauran fulogan, sannan ya ɗora masa hannu. Ya murɗa kaɗan, ya dawo baya kaɗan. Ya sake. Bayan 'yan zagaye ya fito da shi gaba ɗaya, giris ɗin ya yi fari fat da ɓarɓashin alminiyam. Ya goge a tsumma, ya wanke da fetur, ya sake cikawa da sabon giris, ya mayar. Haka ya yi ta yi, ba ya magana, yaran ma sun yi tsit sun kewaye shi. Kowane ɓarɓashi da ya manne a giris, ɓarɓashi ne da bai faɗa kan fistan ba.

Da ya ji hannu ya saki, alamar ya ratsa, ya fito da taf ya aika a jawo tiyon iska daga wajen mai faci na maƙwabta. Ya ɗaura siririn tiyo a baki ya zura har cikin silinda ya hura, ya sake hurawa. Sannan ya sa direba ya buga sitata na ɗan lokaci, ramin a buɗe, an cire wutar koyil, domin fistan da kansa ya watso abin da ya rage. Bayan haka ya wanke sabon tiredin ya bar shi ya bushe, saboda abin liƙi ba ya kama wuri mai maiƙo.

A akwatin akwai bushin tsawo daban-daban. Ya ɗauko fulogi ya jera su ɗaya bayan ɗaya a jikinsa har ya samu wanda ya yi daidai da tsawon tiredin. Na tambaye shi ko ɗan bambanci yana da illa.

"Malam, ai a nan ake kashe inji," in ji shi. "In ya yi tsawo, bakinsa zai leƙa cikin silinda ya yi ja, ya riƙa kunna mai kafin lokaci, ka ji mota tana ƙwanƙwasa har fistan ya huje. In ya yi gajarta, tiredin fulogi ne zai leƙa, baƙin hayaƙi ya daskare a kai, ranar da za a kwance ya fito da bushin ɗin gaba ɗaya."

Ya shafa wa bayan bushin wani jan abin liƙi mai jure zafi, ya murɗa shi ciki har bakinsa ya yi daidai da wurin zaman fulogi. Ya ɗora wani guntun ƙarfe mai tsini a kai ya buga da guduma sau biyu, ba da ƙarfi ba, don saman bushin ya buɗe, 'yan zane-zanen jikinsa su ciji alminiyam. Wannan dabara ta dasa tiredi mai ƙarfi a cikin ƙarfe mai laushi ta girmi duk motocin da ke garejin. A ƙarshen shekarun 1930 aka fito da nau'inta na naɗaɗɗiyar waya, wanda aka sani da Heli-Coil, a Amurka, saboda injinan jiragen sama masu kan alminiyam da ake yawan kwance musu fulogi. Akwai kuma na bushin sukutum irin wanda na gani a Dutse.

Sabon fulogi kuwa, bai kusance shi da sifana ba. Ya cusa kansa a guntun tiyon roba, ya zura, ya murɗa tiyon da yatsu biyu. Hikimar ita ce in fulogi ya hau a karkace, roba za ta sulluɓe kafin haƙori ya ji ciwo. Sai da ya zauna da kansa, sannan ya ɗauki sifana ya ƙara masa rabin zagaye da ɗan ɗoriya, ya tsaya. Abin da kamfanonin fulogi ke faɗa ke nan ga sabon fulogi mai wosha: a ɗaure da hannu, a ƙara rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku, ko kuma a auna da sifana mai ma'auni tsakanin 25 da 30 na niyuton-mita. Dattijon ba shi da wannan sifana. Ma'aunin yana cikin wuyan hannunsa, kuma shekaru ne suka sa shi a wurin.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Da aka tayar, injin ya ɗauka lafiya lau da silinda huɗu, direba yana ta godiya, sai ya faɗa mana cewa ba a daɗe da canja masa fulogi ba, a bakin wata tasha, yana sauri, inji da zafinsa, wani yaro ne ya ɗaure har yana haɗawa da bututu a hannun sifana don ya ji ƙarfi. Ban ga laifin yaron ba. An nuna masa cewa ɗauri mai kyau shi ne wanda ya ƙi motsi, ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa alminiyam ba ya son ƙarfi. Yaro yana iya shekara biyar a gareji yana miƙa sifana, abin da ke cikin hannun maigidansa bai shigo nasa ba, sai in maigidan mai magana ne. Sifana mai ma'auni tana gajarta wannan hanya, tana yin ƙas idan ɗauri ya kai, yaro ya ji da kunnensa ya kuma ji a hannunsa. Da rassan ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, za su riƙa haɗa kuɗi su sayi irinta guda, da akwatin bushin guda, a ajiye wajen shugaba kowa ya ara, da an ceci kan inji da yawa.

Ceton kuwa yana da daraja yanzu fiye da da. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan Beljiyam da ake sarowa a Ƙofar Ruwa ta Kano sun yi tashin da direban haya ba ya iya tunkararsu cikin sauƙi. Shi ya sa ake ganin gyaran dole iri-iri: wani ya naɗa wa fulogi silin wayar lantarki, wani ya cusa takardar sigari mai ƙyalli, wani ya dama gam ya liƙe shi. Na fahimci halin da ke kai mutum ga haka, amma ba na goyon baya ko kaɗan. Ba ɗayansu da ke jure wutar silinda, kuma kowane tsalle na biyu yana ƙara yage ramin, har ya kai inda bushin ma ba zai samu naman kamawa ba. Abin da direbanmu ya biya a ranar bai kai kuɗin cika tankinsa ba.

Washegari da sanyin safiya muka fita, hazo ya rufe kawunan duwatsu. Muka koma Shuwarin, muka bi babban titi zuwa Kiyawa, daga nan muka yi arewa. Ƙasar wannan yanki jigayi ne na yashi da fadamu a tsakaninsu, titi ya hau ya gangara, ka wuce busasshiyar gona sai ga kore shar a kwari. Motocin da muka riƙa haɗuwa da su ba na 'yan kasuwa ba ne kaɗai. A babban asibitin Jahun ƙungiyar likitoci ta MSF tana aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, kuma mata da yawa daga ƙauyuka masu nisa a irin wannan Golf ake kawo su, wani lokaci da tsakar dare, naƙuda ta yi tsanani. Ina kallon bonet ɗinmu ina tunanin inda fulogi zai yi tsalle a irin wannan tafiya, ba mai faci, ba gareji, ba sabis a waya.

Kafin mu shiga Jahun muka tsaya shan shayi, kusa da rumfar wani matashi mai gyaran injin ban-ruwa. Lokacin noman rani ya kama, manoma sun fito da injinansu daga ɗaki, ga su nan jere a gabansa ja da rawaya, da 'yan babura a gefe. Su ma kansu alminiyam ne, fulogin yawancinsu milimita 14 ne irin na mota, na babur kuma 10 ko 12. Wahalarsu ma ta fi ta mota, domin manomi kusan kullum sai ya kwance fulogi ya kankare idan inji ya ƙi tashi, a bakin rijiya, da zafinsa, ƙurar hunturu da yashi suna zuba cikin ramin suna niƙa haƙoran duk sanda aka mayar. A gefen rumfar akwai kawunan inji da ya ware, ya ce duk tiredi ne ya cinye. Yakan tara su ya ba motar kasuwa ta kai Dutse ko Haɗeja, su dawo bayan kwanaki, alkama kuma tana can tana jiran ruwa.

Direba ya ɗaga masa bonet ya nuna masa silinda ta uku, ya kwatanta masa akwatin dattijon da yadda aka yi aikin a jiki. Matashin ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya shafa gefen fulogin da yatsa ya ga ba alamar hayaƙi.

"Yaya, yaushe za ka shiga Kano?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"Don Allah ka biya Ƙofar Ruwa ka tambayo mini kuɗin irin akwatin. Na sha huɗu da na goma. In ya yi yawa, zan yi wa masu gyaran babur magana mu haɗa."